Juyi Biyu da Rabi

Duk wanda aka tambaya a tashar Anka zai ce tsufa ne ke kashe motar Baba. Ƙarya ne. Masu ganin sun fi sani suna cewa man 'yan bumburutu ne, wai ana gauraya shi da kananzir. Ba zan rantse wa 'yan bumburutu ba, amma su ma ba su ba ne. Akwai kuma kamashon tasha, wani mai kaifin baki, da ya ce tun ranar da mace ta sa hannu cikin injin albarkar motar ta tashi. Na ba shi amsa a gaban mutane. Sai da Inna ta aika gidansu aka ba da haƙuri.

Motar lafiyarta lau. Ni nake kwance ta, ni nake ɗaura ta, don haka na sani.

A-kori-kura ce fara, ko in ce dā fara ce. Ta girme ni, ta girmi yayana. Baba ya saye ta hannu na biyu tun kafin ya auri Inna. Ƙofar gefen fasinja da waya ake ɗaure ta. Allurar gudu ta kwanta tun ina firamare, fitilun gaban direba kuwa, wanda ke nuna zafi da wanda ke nuna baƙin mai, ban taɓa ganin sun kama ba a rayuwata. Baba ya ce bai buƙace su ba, kunnensa ya ishe shi.

Kuma gaskiya ya faɗa, a lokacin. Direba ne, makanike ne, amma da kunne aka san shi. Yana zaune a zaure yana shan koko mota za ta wuce, ya ajiye ludayi ya ce, "Wagga fulogi ɗaya bai ci." Mutane kan kawo motocinsu tun daga Bukkuyum, ba don ya kwance ba, don ya saurara kawai. Sai ya ce a tayar, ya ɗora bakin sukundireba a jikin injin, ya sa ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. In ya buɗe ido sai ya nuna wuri da yatsa. Ina ƙarama na ɗauka duk uban kowa haka yake.

Shekarun da zinariya ta tashi, ya bar ɗaukar hatsi ya koma jigilar buhunan dutse daga ramuka zuwa injinan niƙa a wajen Bagega da Dareta. Yakan wuni tsaye kusa da injinan yana jiran lodi, cikin ƙarar da sai da hannu ake magana. Da gubar dalma ta fara ɗibar yara, Inna ta ce ko ita ko dutsen. Ya dawo wa gero da wake da matan kasuwa, Anka zuwa Gummi, Gummi zuwa Anka. Amma wuyan hannunsa na dama ya saki. Yana riƙe sitiyari, yana juya ƙaramin sukuru, sai dai duk abin da ya ɗauru tamau ya fi ƙarfinsa. Babu wanda ya taɓa ce mana ga dalili.

Yayana ya bi ramukan zinariya, sai waya jefi-jefi. Ni kuma na gama sakandare, takardar sakamakona tana ƙasan akwatin Inna, ba abin da ta tsinana mini. Wata safiya na tsaya ina kallon Baba yana kokawa da fulogi ɗaya, ya ja, sifana ta kuɓuce, ya sake ja. Raina ya ɓaci. Ba na iya kallon abu yana jan lokaci.

"Ba ni nan," na ce.

Ya dube ni, ya dubi sifanar, ya miƙo. Haka na shiga aikin. Ba sha'awa ba ce, haushi ne.

Motar a cikin gida take kwana, don Baba ya fasa katanga ya sa ƙyauren langa-langa tun da daɗewa. Kowace safiya bayan asuba ni ke buɗe murfin inji in duba ruwa, in duba kan batir, in zaro sandar awon baƙin mai in goge in mayar in sake zarowa. Shi kuma yana zaune a kujerar direba, makulli a hannu.

"Baƙin mai fa?" zai ce.

"Akwai."

"Bismillahi." Sai ya tayar, ya bar ta ta ɗumama yayin da yake karyawa. Bai taɓa saukowa ya duba bayana ba, ko sau ɗaya.

Shi ya koya mini karatun fulogi, waɗannan 'yan abubuwa huɗu da ke ba da tartsatsin da ke kunna mai a cikin inji. Ya ce bakin fulogi ba ya ɓoye komai. In ka ciro shi ka ga launin soyayyar gyaɗa, inji na cikin daɗi. In ya yi fari fat, yunwar mai yake ji. In ya jiƙe da baƙin mai yana maiƙo, to ringin cikin inji sun cinye, tsufa ya zo, kuma hayaƙin da ke fita ta bututun salansa zai yi shuɗi. In kuwa baƙi ne busasshe kamar gindin tukunya, wanda kan zauna a yatsa kamar gari, fetur ya yi yawa, iska ta yi kaɗan, sai a nufi kafireto, don shi ke gauraya su.

Da daminar bara motar ta fara tari. Ta tashi da ƙyar, ta yi rawa, ta fitar da baƙin hayaƙi mai yaji a ido. Na ciro fulogai, duka huɗun gindin tukunya. Busassu ƙayau, ba ɗigon maiƙo. Duk mai cewa tsufa ne bai taɓa shafa su da yatsa ba.

Na goge su da samfefa, na wanke da fetur, na gyara tazarar bakinsu da reza. Kwana biyu suka koma yadda suke. Na cire matatar iska na kakkaɓe, na wanke. Na sauke kafireton gaba ɗaya na baje shi a kan tsohon faranti a tsakar gida, na hana kaji zuwa kusa. Na hura kowane rami da bakina har leɓena ya yi fari, ɗanɗanon fetur ya wuni a maƙogwarona, tuwon dare ma fetur na ji. Na girgiza 'yar kwalbar da ke yawo a kan mai tana tsayar da shi in ya cika, ko ta huje ta sha mai. Ba ta huje ba. Wayar cok, mai toshe iska in za a tayar da sanyi, na duba, tana komawa daidai. Na ɗaura. Ranar ta yi lafiya kamar sabuwa. Kwana uku, baƙin hayaƙi ya dawo.

Sau huɗu na yi wannan. A na huɗun na jefar da sifana har ta fasa wa Inna kwano.

Baba ne ya ce mu kai ta Gummi wurin Baffa. Ba ƙanensa ba ne na jini, tare suka koyi aiki wurin ubangida ɗaya suna samari, tun daga nan kuma ba su taɓa haɗuwa ba tare da sun zagi juna ba. Rumfarsa na bayan kasuwa, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro.

"A'a, ga gawa ta kawo gawa," in ji Baffa da ya hango mu. "Har yanzu ba a binne wagga abu ba?"

"Sai ta ga bayanka," in ji Baba. "Ita za ta kai ka maƙabarta, kyauta."

"In dai ita ce, sai in ruɓe a hanya. Ina injiniya? Zo nan ɗiyata, gaya mini abin da tsohon nan ya ɓata."

Na zayyana masa duk abin da na yi. Bai katse ni ba. Ya shafa fulogi ɗaya, ya murza yatsunsa, ya shinshina. Sannan ya ɗauki ƙaramin sukundireba ya nufi wani ɗan sukuru a gindin kafireto, wanda ke ƙayyade yawan man da inji ke sha in mota na tsaye. Ya riƙa ɗaure shi a hankali, leɓensa na motsi. Da ya kai ƙarshe ya ɗago.

"Wa ke taɓa wanga?"

"Ba kowa. Ni in na wanke, Baba ke saitawa, da kunne."

"Juyi biyar," ya ce. "Biyu da rabi ya kamata, ko uku in an yi sanyi. Biyar kuwa, ai shayar da ita ake yi kamar a bakin rijiya."

Ya mayar da shi biyu da rabi, ya ce a tayar. Injin ya kwanta luf, sai wani ɗan kaɗawa a hankali kamar keken ɗinki. Baba yana tsaye ya ba mu baya, yana kallon masu sauke buhuna. Baffa ya kalle shi, ya ce da murya daidai, ba ɗagawa, "Kai, ɓarawon ƙosan ubangida."

Wannan zagin na san shi. Shekara da shekaru in Baffa ya faɗe shi, Baba kan juyo ya ce ai tare suka ci. Ranar bai juyo ba. Baffa ya sake faɗa. Baba ya ci gaba da kallon buhuna.

Na ɗauka share shi ya yi. Baffa ya goge hannunsa da tsumma, ya daɗe yana gogewa, har bayan dattin ya fita.

"Ɗiyata," ya ce, "ki riƙa ƙirga juyin nan kowace safiya."

"Girgiza ce ke kwance shi ko? In canza masa sifirin?"

"Ki dai ƙirga."

Ban ƙirga ba. Na canza sifirin, na ce na gama da shi. Ni a ganina tsofaffi ne da son magana a dunƙule, ni kuma ba ni da lokacin warware ta.

Wanda bai san hanyarmu ba ba zai gane abin da tarin mota yake nufi ba. Ba a fita sai rana ta ɗaga, ba a kai la'asar a waje. Motoci uku ko huɗu ke tashi tare, kuma akwai wuraren da kowa ya san ba a tsayawa. In taka ta mutu a can, na bayanka zai kauce ya wuce, na gabanka ba zai waiwayo ba. An yarda da haka tun a tasha, ba mai ganin laifin wani. Kowa yana da wanda aka ɗauke masa, ko wanda aka kawo masa a bayan mota an rufe da tabarma.

Mako guda bayan zuwanmu wurin Baffa na bi Baba Gummi. A dawowa muna ɗauke da buhunan gero, mata shida da wani tsoho a samansu. Tun da muka wuce mararrabar Bukkuyum na ji tana tsallake bugu. Na ce, "Baba, tana ɓata wuta!" Ya ce lafiya lau take. Ta ja, ta saki, ta ja, ta yi wata ƙara a salansa, ta mutu. Dama da hagu ba gona, ba gida, sai sabara da ta fi mutum tsawo. Motar da ke bayanmu ta kauce ta wuce. Na ga direban, ya kafe idonsa a kan hanya.

Na dira na buɗe murfi. Fulogan sun yi zafin da sai da na naɗe hannuna da gefen hijabi, duk da haka fatar yatsuna biyu ta tashi. Ina kan na farko na ji su. Babura, daga cikin daji ta hannun dama, nesa tukuna, amma ba ɗaya ba ne, ba biyu ba ne.

Matan da ke ta surutu tun daga Gummi suka yi tsit. Ɗaya ta fara salati ƙasa-ƙasa. Tsohon ya sulalo daga kan buhuna ya kwanta cikin kwatar gefen hanya, ya rufe kansa da rigarsa. Na riƙa juya sifana da sauri, tana bugun jikin inji.

Baba yana tsaye a gefena, hannu a baya.

"A hankali ɗiyata," ya ce. "Kar ki ɓata zaren fulogi. Gaggawar mi kike yi? Rana na nan."

Na ɗago na dube shi. Na san fuskar mutumin da ke danne tsoro, na gan ta a kan Inna sau da yawa. Wannan ba ita ba ce. Fuskar mai jiran a gama aiki ce kawai.

Biyu na canza da na ajiya da ke cikin gwangwani, sauran biyun ko taɓa su ban yi ba. Na daka masa tsawa ya shiga ya tayar. Ta kama a bugu na uku. Na janyo tsohon daga kwata da wuyan riga. Har yau ban san su waye a kan baburan ba. Wataƙila 'yan kasuwa ne, wataƙila ba su ba ne.

A gari matan suka baza labari, wai Baba namijin duniya ne, ana jin babura ko gezau bai yi ba. Wannan ma kuskure ne, kamar sauran. Duk yabon da suka yi kuma, ko ɗaya cikinsu ba ta sake hawa motarsa ba.

Da yammar ranar na ɗaure sukurun ina ƙirgawa. Biyar. Na mayar biyu da rabi, na ɗauko jan farcen da wata ƙawata ta bari a ɗakina, na ɗiga a kan sukurun har ya haɗe da jikin kafireto. In girgiza ce, na ce a raina, zai tsage a hankali.

Washegari na yi aikina na safe, ya tambayi baƙin mai, na ce akwai, ya tayar. Maimakon in tafi ɗebo ruwa kamar kullum, sai na tsaya a bayan rumbu.

Injin na kaɗawa luf-luf. Baba ya zauna jim, ya karkata kai. Sai ya sa hannu ya sake murɗa makulli, alhali tana aiki. Ƙarfe ya ci ƙarfe, wata ƙara mai sa haƙora tsami, har kaji suka watse. Ko ƙiftawa bai yi ba. Ya sauko ya dafa murfin, ya ji tana motsi, ya buɗe. Ya ciro ɗan sukundireba daga aljihu, ya sunkuya har kunnensa ya kusa taɓa inji, ya rufe ido kamar yadda na saba gani tun ina yarinya. Ya fara kwance sukurun. Na ga jan farcen ya ɓare ya faɗi. Juyi ɗaya, biyu, da wani abu. Injin ya fara gurnani yana jijjiga motar, baƙin hayaƙi ya turnuƙe wajen shanyar Inna. A nan ya buɗe ido, ya gyaɗa kai, ya yi murmushi.

Na samu Inna a madafa tana matse tunkuza.

"Inna, Baba ba ya ji."

Ba ta ɗago ba. "Yau kika sani?"

"Kin sani?"

"Shekara biyu ke nan ina taɓa ƙafarsa in an kira asuba. A masallaci ƙafar na kusa da shi yake kallo. Ba ki lura ba na yi masa magana sai na zagayo gabansa?"

"To ni me ya sa yake ji na?"

"Ke?" Sai a lokacin ta dube ni. "Ke da ba ki iya magana ba sai da ihu? Maƙwabta ma suna jin ki. Ke kaɗai yake ji a gidan ga, shi ya sa ke kaɗai ba ki sani ba."

"Kuma kika yi shiru? Jiya saura kaɗan..."

"In ce mi? In gaya wa wa? Ranar da tasha ta ji, ko akuya ba mai ɗora masa. Gonar da ke bayan gari rabonmu da ita damina uku. Ƙuli-ƙulin ga ne zai riƙe gida?" Ta koma kan tunkuzarta tana matsawa da ƙarfi har man na gangarowa ta gwiwar hannunta. "Kullum ya fita ba na zama har ya dawo. Ke ba ki lura da komai in ba ƙarfe ba ne."

Na fita na bar ta da tunkuzarta.

Shi kuma na jira har azahar. Yana zaune a inuwar zaure, na zube fulogai huɗu a kan tabarmarsa, baƙaƙe.

"Baba, ba motar ba ce. Kai ne. Kai ke kwance sukurun. Ba ka jin ta."

Na san akwai hanyar faɗa da ta fi wannan. Ban iya ta ba. Ya ɗauki ɗaya ya shafa, ya kalli yatsansa. Shi ya koya mini, ba sai na yi bayani ba.

"In na bar ta inda kuke sa ta," ya ce, "ba na sanin tana da rai. Sai in ji kamar kan gawa nake zaune. In na buɗe mata, tana buga mini a nan." Ya dafa ƙirjinsa. "Nan kaɗai ya rage."

"To ka bar mini. Ni zan saita, kai ka tuƙa kawai."

"Na bar miki."

Kwana uku ya riƙe alkawari. A na huɗu na tarar da ɓarɓashin jan farce a ƙasa. Ban ce yana yi da gangan ba. Hannunsa ne ke zuwa, kamar mai sosa inda ke masa ƙaiƙayi.

Na matsa har muka je asibiti. Aka wanke kunnen, aka haska, aka ce ba datti ba ne. Aka rubuta takarda zuwa babban asibiti a birni, aka kuma ce ko can ba a yi mana alkawari ba. Ya ninke takardar ya cusa a aljihun gaban mota. Tana nan, ta sha ƙura.

Ba abin da ban gwada ba. Na ce zan riƙa bin sa kullum in zama kunnensa. Inna ta ce ba za ta miƙa wa daji mutum biyu rana ɗaya ba, shi ma ya ce tun daga ranar baburan, da aka ba shi labari daga baya, ya haramta mini hanyar. Na ce a sayar, ya ce ranar da aka wanke gawarsa a sayar. Na ɓoye makulli, ya haɗa waya biyu ya tayar. Na cire ɗan abin da ke rarraba wuta zuwa fulogai na jefa cikin tulu. Minti biyar bai yi ba ya gano, don wannan da ido ake gani. Ya taka zuwa tasha ya samo wani, ya yi kwana biyu bai amsa gaisuwata ba.

Don haka na koma goge fulogai. Kowace safiya in goge, in saita biyu da rabi, in juya baya ya mayar biyar. Yanzu kamasho a ƙarshen layi yake sa shi, kayan da kowa ya ƙi su yake samu, sau da yawa kuma sai sauran motoci sun tashi lodinsa ke cika, ya bi hanya shi kaɗai. A hankali na gane abin da nake yi. Gogewar da nake yi ba ta isa ta kai shi ta dawo da shi ba. Ta isa dai ta fitar da shi daga gari, ta kai shi tsakiyar sabara.

Makon jiya la'asar ta yi bai dawo ba. Inna ta fita ƙofar gida ba mayafi, abin da ban taɓa gani ba. Rana ta yi ja sannan muka ga wata babbar mota ta jawo shi da igiya. Ta mutu masa a daidai inda ta mutu mana. Ya gwada kwance fulogi, hannun ya ƙi. Ya zauna a gefen hanya tun azahar har Allah ya kawo mai tausayin da ya karya doka ya tsaya.

Ya sauko yana dariya, yana kakkaɓe riga. Ya ce wa Inna, "Mi ya fito da ke haka? Wurin lafiya lau. Na zauna awa uku, ko motsi ban ji ba."

Inna ta juya ta shiga ɗaki. Da na bi ta na same ta zaune a bakin gado, hannu biyu a cinya. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Da ma ta mutu a tsakar gida."

Na yi tunanin abin da zai biyo baya, kar a ce ban yi ba. Ba mota, ba gona. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da abin da yayana ya tuna ya aiko. Baba zai zauna a zaure daga safe zuwa yamma, motoci na wucewa, bai san sun wuce ba. Na san mazan da zama irin wannan ya kashe cikin shekara guda, ba ciwon komai. Mai yiwuwa abin da zan yi masa ke nan. Ban ga hanyar da za ta bar mini shi yadda yake ba, wannan mutumin ya riga ya tafi tun a gindin injinan niƙa. Abin da ya rage shi ne inda za a same shi, a zaure ko a gefen hanya.

A ƙarƙashin inji akwai noti guda wanda in an kwance shi baƙin mai ke zuba gaba ɗaya. Inji ba mai ba ya mutuwa nan take. Yana fara ƙwanƙwasa, ƙaf-ƙaf-ƙaf, ƙarar da dā Baba zai jiyo daga gida uku ya fito da gudu ba takalmi yana cewa a kashe. In ba a kashe ba, ƙarfe ya cije ƙarfe, shi ke nan. Ɗumamar safe kaɗai ta isa, tun yana karyawa za ta mutu a tsakar gida. Kayan cikin irin wannan injin ba a samun su ko a Gummi, Baffa da kansa ya faɗa. Fitilar da za ta nuna kuwa ta mutu tun kafin a haife ni. Tasha za ta ce tsufa ne, dama abin da take cewa ke nan, kuma ba wanda zai san kunnen da aka yi ta kawo wa motoci daga Bukkuyum ya daina aiki.

Jibi kasuwar Gummi, an riga an yi masa maganar buhu goma na wake. Na wanke tsohuwar roba na ajiye a bayan rumbu, da sifana mai lamba daidai da notin. Gobe da yamma, in ya tafi masallaci, zan shiga ƙarƙashinta. Jibi da safe zan buɗe murfi kamar kullum, in duba ruwa, in duba batir, in zaro sandar in goge. Zai ce baƙin mai fa. Zan ɗaga murya yadda zai ji ni sosai, in ce akwai.